Mai Masa a Littafin Baba

A gidanmu na Fadaman Mada, Littafi Mai Tsarki magani ne kafin ya zama abin karatu. In zazzaɓi ya kama yaro, sai Mama ta zaro shi daga akwati ta tura masa ƙarƙashin matashi. Baba kaɗai ke buɗe shi, da ya rasu kuwa aka naɗe shi a ɗankwali aka ajiye. Ni dai ba na fashin coci, in ana waƙa muryata ce a sama, amma har na yi aure na haihu ban taɓa zama na karanta shafi guda da kaina ba. Abin da pasto ya karanto, iyakar sanina ke nan.

Mama masa take soyawa a ƙofar gida tun kafin a haife ni. Da hayaƙi ya cinye mata ido, ta bar mini tanda, ta koma gindin dalbejiya tana ba da umarni. Wata rana da damina, ina kankare tanda, ta kira ni.

"Babanku ya taɓa karanta mini wani wuri. Ya ce akwai mai masa a littafin Allah. Ki nemo mini ita."

Na yi dariya. Ita ba ta yi ba.

"To, Mama, bari in tambayi pasto ran Lahadi."

"Kul! In ya ce babu fa? Gari ya ɗauka cewa mijina ya ruɗe ni shekara da shekaru? Ke za ki nemo. In ma babu, a bakinki zan ji."

A nan na gane ba wasa take ba. Mama ba ta yi boko ba, abin da Baba ya karanta mata shi ne dukiyarta, ga shi tsufa ya sa ta fara shakkar ko na gaske ne. Tausayinta ya kama ni, tsoro kuma ya fi yawa, don na san Baba da zolaya.

Na fara da waya. Na rubuta kalmar masa, babu. Na rubuta waina, babu. Sai na kwance ɗankwalin na buɗe shafin farko. Daga baya ne na ji cewa sabon shiga daga bishara ake sa shi ya fara, can kusa da ƙarshe. Wa ya gaya mini? Mu a firamare an koya mana littafi daga farko ake kama shi.

Kullum da hantsi, in masa ta ƙare, sai in wanke maiƙon hannuna in zauna kusa da ita in karanta da ƙarfi. Takardun sirara ne kamar ɓawon albasa, suna ƙanshin akwatin Baba. Iska na kaɗa dalbejiya, ni kuma ga gajiyar tashin asuba, sai karatun ya riƙa cakuɗewa da gyangyaɗi. Mutanen littafin suka fara shigowa garinmu. Makiyayan da ke haƙa rijiyoyi suna faɗa a kansu, na gan su suna koro shanu ta Ƙofar Ran, sanda a kafaɗa. Dutsen da aka hau aka karɓo dokoki, a idona ɗaya ne daga duwatsun da ke bayan gari, hadari na sauka a kansa. Ranar da muka karanta ruwan tsufana kuwa, kwatar layinmu ta cika ta tumbatsa, na ga kwanon wani yana tafiya shi kaɗai a kan ruwa, na daɗe ina kallonsa.

"Ta fito?" Haka Mama ke tambaya kullum in na rufe.

"Tukuna, Mama."

Mata masu girki kam mun haɗu da su. Ga tsohuwar da ta yi wa baƙi gurasa cikin gaggawa, ga gwauruwar da garinta ya ƙi ƙarewa a tukunya. Duk wadda ta fito sai in ɗago in dubi Mama. Sai ta girgiza kai. "Ba ita ba ce. Waccan ƙullunta tashi yake yi."

Da muka shiga jerin sunaye, wane ya haifi wane, wane ya haifi wane, na so in tsallake. Haushi ya ishe ni, harshena na karyewa a kan sunayen da ko a kasuwar Gwallaga ban taɓa ji ba. Mama ta hana. Ta ce ƙila matar tana maƙale a tsakaninsu, ai mace ba a cika ba ta wuri mai faɗi ba. Na karanta su duka, ita tana barci.

Damina ta wuce, wata daminar ta zagayo. Mama ta rame, ta daina fitowa gindin bishiya, karatu ya koma bakin gadonta. Na fara sauri, ina cinye kalmomi. Ban taɓa jin tsoron kaurin littafi irin na lokacin ba.

Muna cikin bishara, wata safiya, na ci karo da ita ba shiri. Layi biyu ne kacal. Wata mace ta ɗauki yisti ta cuɗa cikin gari, ta bar shi har ya kumbura gaba ɗaya, aka ce mulkin sama haka yake. Babu shinkafa, babu tanda, babu ko sunanta. Na tsayar da karatun. Raina ya ce in yi mata ado kaɗan, wa zai sani? Amma a bakina ta ce za ta ji gaskiya. Na karanta mata yadda yake.

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan, Mama."

"Sake."

Na sake. Ta yi ajiyar zuciya mai tsawo. "To, tana nan. Bai yi ƙarya ba." Can kuma ta ɓata fuska. "Amma kin yi tsallake. Ina wajen da take tashi tun kafin zakara ta duba ƙullu? Ina wajen da take yi wa masu saye faɗa in sun taɓa da hannu? Ya ce har tabon ƙuna gare ta a hannun hagu, nan wajen babban yatsa."

Na duba sama, na duba ƙasa, na juya shafi. "Babu, Mama. Wannan kam Baba ne ya ƙara gishiri."

Sai na ga hannunta na dama ya lallaɓa a kan zani, ya kamo na hagu, ya tsaya a gindin babban yatsa, inda man gyaɗa ya taɓa ƙona ta tun tana amarya. Ta daɗe tana shafa wurin. Dariya ta zo mata, hawaye ya riga ta fita.

"Kai, mutumin nan," ta ce. "Ashe ba littafin yake kallo ba."