Wanda Ke Taka wa Fuatino Birki

Duk wanda ya taɓa gangarowa daga tsaunin Mafa da ƙaramar mota ya san rumfar Alapati. Tana nan inda gangara ta ƙare, gab da ƙauyenmu, da tsofaffin tayoyi a kan kwanonta don kada guguwa ta ɗauke shi. A nan ya tsufa, kuma birki kaɗai ya sani a duniya. Kawo masa inji mai tari, zai nuna maka hanyar Apia, babban birnin tsibirinmu, da haɓa. Amma birki ya yi ƙara a can saman dutse, yana zaune da kofin shayinsa zai gaya maka motar wane ce, da kuma wace taya.

Ya yi ƙuruciyarsa a garejojin Auckland, can ƙetaren teku, sanyi ya koro shi. Ya dawo daidai lokacin da ƙananan motocin Japan na hannu suka fara cika tsibirin, waɗannan masu gutsurarren baya da ƙofa a wutsiya. Wanda ya ƙera su don siririyar mace ya ƙera su, ta je kasuwa a shimfiɗaɗɗen titi ta dawo. Mu kuwa Allah ya yi mu da jiki. A zuba ƙarti, a cika baya da gwaza da tabarmin biki, a ɗora gasasshen alade a cinya, sannan a ce wa ɗan faifan birki ya riƙe wannan duka a gangarar Mafa. Kafin a kai rabi faifan ya yi ja, man birki ya tafasa, mutum ya taka ya ji ƙafarsa ta tafi har ƙasa.

Maganin Alapati shi ne ya ciro manyan faifai da maƙallansu daga matattun motocin da suka fi girma, ya ɗaura wa ƙananan, ya zubar da tsohon man da ya sha danshi ya zuba sabo. Faɗa kuma kyauta ne.

"Kai, wannan mota ce ko jirgin dakon kaya?" yakan ce wa mai mota. "Da wace giya ka sauko?"

"Giya kuma? Ai ita ke sa kanta, tsoho."

"To ita za ta binne ka. Fito, ka cika mini wuri da ƙaurin birki."

Doka ɗaya yake da ita. Ba ya ciro ko noti daga motar da aka mutu a cikinta sai dangi sun shimfiɗa zane. Wanda ya mutu a hanya ba ya iya komawa gida da kansa, don haka danginsa kan je wurin da farin zane, su shimfiɗa, su kira sunansa. Abu mai rai na farko da ya hau, ko tururuwa ce, a naɗe shi a kai gida a binne tare da gawa. Fasto yakan kau da kai ranar, ya ce yana da aiki a wani ƙauye.

Sai ga mutuwar Iakopo, ɗa tilo na wata tsohuwa mai suna Leata. Kifi yake kaiwa kasuwa, kuma a duk yankin ba direban da ya kai shi natsuwa. Alapati da hannunsa ya ɗaura masa birkin da bai taɓa ɗaura wa kowa irinsa ba. A babbar kwanar nan ta ƙarshe a gangarar Mafa wata tifa ta shigo hannunsa, ya kauce, ya faɗa kwazazzabo. Janwe ta janye motar tun kafin Leata ta iso. Ta shimfiɗa zanenta, ta kira har muryarta ta dishe, ko ƙuda bai sauka ba, a ƙasar da in ka ajiye loma ɗaya tururuwa za ta rufe ta kafin ka juya. Haka aka binne shi a ƙofar gidanta, kowa na kallon ƙasa. Motar kuwa ta ƙare a bayan rumfar Alapati, an lulluɓe ta da tampol.

Alapati 'ya ɗaya gare shi, Fuatino, wadda ya yi rainonta shi kaɗai bayan rasuwar uwarta. A wannan shekarar ta sami aikin jinya a Apia, ta sayi tata 'yar motar, kullum sai ta haye Mafa ta sauko. Ranar farko da ya ji saukowarta shayi ya fita daga ransa. Ya yi odar manyan faifai, jirgin ruwa ya ƙi zuwa, damina kuma ta kankama. Ya yi ta zagaya tampol ɗin nan kamar kaza mai neman wurin ƙwai. Daga ƙarshe ya ce wa kansa ai an shimfiɗa zanen, doka ta cika, abin da bai hau ba kuma ba laifinsa ba ne. Ya ɗaga tampol. Birkin Iakopo ko ƙwarzane bai yi ba. Ya ciro shi ya ɗaura wa motar Fuatino.

Ba a jima ba Fuatino ta tsaya a bakin rumfa da kayan aikinta a jiki.

"Baba, me ka sa wa motar nan?"

"Birki na sa mata. Ko da ma faɗuwa kike so?"

"In na zo babbar kwana, kafin in taka sai in ji birkin ya sauka da kansa. Ƙafata tana sama, shi yana tafiya."

"Gajiya ce, 'yar nan. Ki rage tsayuwa a asibiti."

Ya faɗa ne kawai. Ya kwance tayoyin, ya duba tiyo, ya zubar da mai ya sake zubawa, bai sami komai ba. Ranar hutunta ya hau da motar shi kaɗai da tsakar rana, ya juyo. Yana dosar kwanar ya janye ƙafarsa gefe, ya zuba wa matakin birki ido. Matakin ya sauka da kansa a hankali, daidai gwargwado, ya riƙe, ya saki a tsakiyar kwana, sak yadda Alapati yake koya wa direbobi, Iakopo kaɗai ya ɗauka. Sai ƙarnin ɗanyen kifi ya cika motar. Tsoro ya kama shi, irin wanda bai taɓa ji ba, ya sauko gida bai gaya wa kowa ba.

Ya yi niyyar kwance kayan, amma kafin ya yi, wata rana Fuatino ta dawo masa da labari. Ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, motar ta ƙame da ita cik kafin kwanar, ta taka totur ta ƙi motsi. Tana cikin zaginta gefen dutsen ya zaftaro a gabanta, laka da itatuwa suka rufe titin. Alapati ya saurara har ƙarshe, ya tashi ya mayar da sifanarsa cikin akwati.

Maganar ƙauye ba ta kwana a ciki, ta kai kunnen Leata. Ta zo rumfar da farin zanenta a hammata, ta zauna a kan taya ba wanda ya ce ta zauna.

"Alapati, an ce ɗana yana wurinka."

"Ƙarfe ne a wurina, Leata. Ƙarfe ba ya da uwa."

"Kalle ni ka sake faɗa."

Bai iya ba. Ya ce da ita a hankali, "Shi ya tsayar da ita ranar zaftarewar nan. In kin tafi da shi, wa zai tsare mini ita?"

"Na sani. Tun yana ƙarami haka yake, ba ya iya ganin mutum zai faɗi. Amma taka tana dawo maka kowace yamma. Nawa sau ɗaya nake roƙo ya dawo."

Ya ji haushinta ƙwarai, don ta fi shi gaskiya. Washegari ya kai ta kwanar da kansa a motar Fuatino. Ta shimfiɗa zanen a gefen tayar gaba, ta kira sunan ɗanta sau ɗaya. Faifan yana ta hucin zafi, ko yatsa ba ya taɓuwa. Daga bayansa wata 'yar tsaka fara fat ta fito, ta bi taya ta sauko, ta tsaya a tsakiyar zanen. Leata ta naɗe ta, ta rungume, ta ƙi shiga mota, ta gangara da ƙafa tana yi mata magana.

Tun daga ranar birkin Fuatino ya zama birki kawai, mai kyau, sai an taka. Alapati kuwa bai ƙara samun sukuni ba. Ya daina zama a rumfa, kullum da yamma sai ya dogara sandarsa ya hau har kwanar, ya zauna a kan dutse har ta wuce. Shekaru suka tafi, ta yi aure, ta haihu, ta canja mota ya sake ɗaura mata nasa birkin, bai fasa hawa ba. Har da safe ya koma zuwa. Ta yi faɗa, ta yi kuka.

"Baba, so kake a tsince ka a nan?"

"In an tsince ni a nan," ya ce, "kada wanda ya kawo mini zane."

Sai a lokacin ta gane abin da yake jira: so yake in ya mutu ya tsaya a kwanar, ya ci gaba da tsare ta.

A nan ɗin aka tsince shi, a zaune, sandarsa a cinya. Fuatino ba ta bi maganarsa ba. Da hannunta ta shimfiɗa zanen, ta durƙusa, dangi na tsaye a bayanta.

"Baba, taso mu tafi gida. Na iya sauka, kai ka koya mini. Ka huta haka nan."

Ta kira, ta sake kira. Layin tururuwa ya taho daga cikin ciyawa, ya zo bakin zanen, ya rabu biyu ya zagaye shi. Da rana ta yi sanyi wata gwaggonta ta dafa ta, ta ce a dawo gobe.

Fuatino ta naɗe zanen, ta share fuska da shi. "Ku bar shi," ta ce. "Ko yana da rai ba ya tashi daga kan aiki don an kira shi."