Sandunan da Malam Sale Ya Goge

Har yau ban manta da safiyar da na buɗe sito na ga sandunanmu suna ƙyalli ba. Lokacin ina shugaban masu kula da tanderu a wata ƙaramar masana'antar narka kwalabe a bayan garin Gaya.

Tanderun da lantarki yake aiki, ta cikin wasu sanduna na ƙarfen molibdenum. Ƙarfe ne mai jure zafi, amma idan ya yi ja iska ta taɓa shi, sai ya riƙa tashi farin hayaƙi har ya sirance. Shi ya sa ake kawo su da wani shafe mai launin toka, mummuna, wanda yake kare su har narkakken gilas ya rufe su.

Mai masana'antar zai zo ganin kunna wuta, sai manaja ya ba da umarni a goge komai. Mai shararmu Malam Sale ne, dattijo daga Gafasa da ya rasa shanunsa ya zo neman abin ciyar da iyali. Mutum ne da ko buta ka ba shi sai ta dawo kamar sabuwa. Ya ga sandunan sun yi dusu-dusu, ya ɗauka tsatsa ce. Ya samo samfefa da dutsen wasa, ya hana kansa hutun rana har ya kankare su tas.

Da na shigo washegari da safe yana tsaye gefe yana murmushi, yana jiran yabo. Na duba na ga babu sauran shafen da ke kare su. Manaja ya ce ai ƙarfe ƙarfe ne, a saka su haka. Na ɗora wa bakin ɗaya wutar walda, hayaƙin ya tashi a gaban kowa.

Aka ɗage aiki sai an kawo wasu daga waje. Na roƙi manaja kada ya kori Malam Sale, na tuna masa umarninsa aka bi, ya ce dole wani ya tafi.

Na raka Malam Sale bakin ƙofa. Ya tsaya ya ce, "Injiniya, don Allah gaya mini gaskiya. Da na yi lalaci, da ina nan?"

Na ce, "Da kana nan, Baba."

Ya gyaɗa kai, ya hau kekensa. Raina ya ɓaci ƙwarai, har yanzu bai gama hucewa ba.

Ku da kuka shigo aikin nan, kafin ku ba mai ƙwazo umarni, ku nuna masa abin da ba a taɓawa. Hannun malalaci ba ya kaiwa can.