Kakata da Kifin Ngadda

Jiya ina tsallaka gadar Ngadda warin kwata ya bugi hancina, sai kakata ta faɗo mini a rai.

A gidanmu na Bulabulin ba ta yarda a tura ruwan wanki waje. Rami ta sa aka haƙa, aka zuba yashi da gawayi, nan muke juyewa. Takan ce, "Abin da ka zuba a kwata, kifi ne zai sha."

Wata rana na raka ta bakin kogin, muka tarar ƙananan karfasa sun mutu a inda baƙin ruwan unguwa ke shiga. Ta ɗauki ɗaya ta kai wa Bulama, mai unguwarmu.

Ya ce, "Hajja, kwatar gari guda ce. Ni ina zan kai ta?"

A hanyar gida ta dafa kafaɗata, abin da ba ta saba yi ba.

Yanzu gidan haya nake, ko'ina siminti, ba wurin haƙa rami. Allah ya jiƙan Kaka, ya shayar da ita daga ƙoramun Aljanna.