Daga Barking Zuwa Bakin Rami

Jirgin ƙasan da nake shiga zuwa aiki a sarari yake tafiya idan ya tashi daga Barking, unguwarmu a London, sai ya wuce 'yan tasoshi sannan ya nutse ƙarƙashin ƙasa. A wannan ɗan tsakanin waya tana samun sabis. A nan na koyi caca, ina da shekara hamsin da 'yan kai, da hijabina har gwiwa da carbi a jaka.

Lokacin da maigidana yake da rai, a daidai wurin nan yake kirana kullum da safe. Direban tasi ne, kuma zancensa bai wuce guda biyu ba: na samu wurin zama, kuma me za a ci da rana. Nakan yi masa tsiwa in ce ya ƙyale ni in huta. Da jirgi ya shiga rami sai layin ya yanke, ko sallama ba ma yi. Bayan rasuwarsa na gama takaba, na koma aikina na raba abinci a kicin ɗin wata kwaleji a Bloomsbury, sai na tarar ban san yadda zan yi da waɗannan mintoci ba. In riƙe wayar, in dube ta, ba mai kira.

Da wasan banza na fara, irin wanda lemo da kankana da ƙararrawa suke juyawa, idan uku suka jeru wayar ta yi ta guɗa kamar an yi haihuwa. Ba a sa ko kwabo, don haka na yi wa kaina fatawa cewa wannan ba caca ba ce. Fatawar ta yi wata biyu tana aiki. Daga nan wasan ya gundure ni, na shiga neman sabo, wanda ake sa ɗan wani abu don zuciya ta buga.

A wurin zaɓen na tafka wautar da har yau idan na tuna nake jin kunya. Duk wanda na buɗe mai kama da na kirki sai ya nemi cikakken sunana, da adireshi, da hoton fasfo. Ni kuwa in ɗauki fasfon da na yi Umara da shi in nuna wa gidan caca? Ga shi 'yata ce take duba mini harkar banki a kwamfuta, komai ya fito a takarda za ta gani. Sai na riƙa tsallake duk mai tambaya, ina neman wanda bai damu da sanin ko ni wace ce ba. Na same shi a wata talla. Ba a shagon manhajojin waya yake ba, wani link ake dannawa. Wayar da kanta ta gargaɗe ni sau biyu, na yi mata tsaki na wuce. Ya nemi izinin ganin lambobin mutanena da na saƙonni, na ba shi, raina fari ƙal, tunda dai bai tambayi sunana ba. Kati nake saya a wani kanti nesa da unguwarmu in loda masa. A ganina na yi dabarar da ba wanda ya taɓa yi.

A cikin watannin nan ne 'yata ta kawo maganar aure. 'Yar fari ce, ba na kama sunanta, kuma ita kaɗai Allah ya bar mini. A London aka haife ta, tana jin Hausa sarai amma da Turanci take mayar da amsa. Yaron da ta kawo ɗan mutanen Ghana ne, Hausawan zango, yana aikin lantarki. Ba zan ɓoye ba, na ɗaga hanci. Mu Kanawa muna da wannan ciwon. Mahaifiyarsa, Hajiya, tana da ɗan shago kusa da kasuwar Barking inda take sayar da yaji da atamfa da busasshen kifi, kuma Hausarta irin tasu ce, ba ta raba mace da namiji, kowa "kai" ne a bakinta. Ranar da ta fara gaishe ni ta ce, "Hajiya, ka kwana lafiya?" sai da na waiga in ga ko akwai namiji a bayana. Na dawo gida ina kwaikwayonta, 'yata ta tashi ta bar mini falon.

Na ce sai na yi bincike, kamar yadda ake yi kafin a ba da 'ya. Na kuwa yi shi da zafi. Na tambayi matan unguwa, na sa ƙanin maigidana, wanda shi ne waliyyinta, ya tambayi maza. Yana salla? Yana shaye-shaye? Tambayar da na fi nanatawa ita ce ko an taɓa ganinsa a shagunan cacar nan da suka cika bakin titi. Ni da bakina na ce ba zan ba ɗan caca 'yata ba ko da shi kaɗai ya rage a Ingila. Na san maganar ta koma kunnen Hajiya, don a Barking magana ba ta kwana. Ba a samu yaron da komai ba. Aka sa ranar Lahadi manyansa za su zo neman aure.

Ranar Juma'ar da ke kafin wannan Lahadin ba ni da aiki, na tafi masallacin Regent's Park. An idar da salla, muna fitowa harabar ana gaishe-gaishe, na kunna wayata. Sai ta hau ruri ba ƙaƙƙautawa. Saƙon farko daga wata maƙwabciyata ne: "Hajiya, mene ne wannan kika turo?" Na buɗe na gani. Wasan nan ya aika wa duk wanda ke cikin wayata saƙo da lambata, da Turanci, wai ga inda nake wasa kullum ina ci, su ma su danna su shigo. Har da hoton lemo da kankanar. Ya je wa malamar da ke mana karatu ranar Asabar. Ya je wa waliyyi. Ya je wa yayata a Kano. Na ɗaga kai na ga mata biyu a gefe sun haɗa kai a kan waya ɗaya, ɗaya ta ɗago ta dube ni ta sunkuyar.

Ban yi tunanin kaina ba sosai, 'yata na tuna. Su ma dangin yaron ai suna nasu binciken. Wa zai kai ɗansa gidan da uwa take caca, uwar ma da ta cika gari da cewa ba ta son ɗan caca? Jibi-jibin nan za su aiko a ce an ɗaga, daga ɗagawa kuma shiru, yarinya ta rasa wanda take so saboda ni.

Ina tsaye a wurin aka kama mini hannu. Hajiya ce, uwar yaron, da wayarta a ɗaya hannun, saƙon a buɗe. Da ƙasa za ta tsage a lokacin da na gode mata.

"Zo mu je," in ji ta. Ba ta saki hannuna ba sai da muka tsallaka cikin lambun, ta zaunar da ni a wani benci da ba kowa kusa. "Kawo wayan."

Na miƙa mata kamar yarinyar da aka kama da satar nama. Ta fara kashe intanet ɗin. Ta nemo wasan ta buɗe, kuma a nan komai yake a jere, ranakun da na yi wasa tun daga watannin baya, kusan kullum, da safe. Na ga idonta ya bi jerin har ƙasa. Na buɗe baki zan ce wani ne ya taɓa mini waya, ƙaryar ta maƙale.

"A ina ka samu wannan?" ta tambaya.

Na gaya mata, har da dalilin da ya sa na guje wa masu neman fasfo. Ta girgiza kai, ta yi 'yar dariya wadda ba ta raini ba.

"Hajiya, ka yi shi a juye. Shekara tara ina share betting shop da asuba kafin in samu shago na. Wanda ya tambayi passport, shi ne gwamnati ya san da shi, yana da licence, in ya cuce ka akwai inda za ka kai ƙara. Wanda bai tambaye ka komi ba, komi naka zai kwashe. Duka biyu ba alheri, amma wannan ɓarawo ne tsantsa."

Ta goge shi. Ta sa na ciro katin bankina, na kira lambar da ke bayansa, ta tsaya a kaina har aka toshe katin aka ce za a aiko sabo, ta kuma ce in gaya musu su rufe duk wani biya zuwa gidajen caca. Na faɗa da bakina ga wata baturiya da ban sani ba. Ta sa na canza kalmomin sirri ɗaya bayan ɗaya, ta ce gobe in kai wayar a wanke ta tas. Sannan ta kunna intanet a tata wayar ta buɗe mini wani shafi inda mutum yake rubuta kansa don duk gidajen caca masu lasisi su daina karɓarsa. Shafin ya nemi cikakken suna da adireshi da ranar haihuwa. Na yi turus. Abin da na yi wata da watanni ina gudu ke nan.

"Rubuta," in ji Hajiya. "Wannan karon sunanka zai tsare ka."

Na rubuta, har da sunan mahaifina.

Da muka gama ta danna wayarta ta kai baki, ta yi saƙon murya zuwa zauren matan unguwa, ina ji. "Salamu alaikum. An yi hack wayan Hajiya, ɓarayi sun tura saƙo da lamban shi. Kowa ya yi delete, kar wanda ya taɓa link. Ina tare da shi, mun gyara." Ba ta yi ƙarya ko ɗaya ba, ba ta kuma ƙara ko kalma a kai ba. Nan da nan amsoshi suka fara shigowa, ana yi mini jaje ana tsine wa ɓarayi.

Sai a lokacin kuka ya zo mini. Na ce, "Hajiya, kin dai ga abin da kika gani. Kuma na san kin ji abin da na riƙa faɗa a kan ɗanki."

"Na ji," ta ce. Ta gyara mayafinta. "Kullum da safe na gani a ciki. Me ke faruwa da safe?"

Ban taɓa gaya wa kowa ba, ko 'yata. Na gaya mata zancen jirgin, da kiran maigidana, da yadda layin yake yankewa a bakin rami. Ta saurara ba ta katse ni ba. Da na gama ba ta yi mini wa'azi ba, ta ce in tashi mu tafi kada mu shiga cunkoson yamma.

Daren Asabar na zaunar da 'yata na faɗa mata gaskiya duka, don na ga bai kamata baƙuwa ta san abin da ita ba ta sani ba. Da na gama ta ce, "Mama, why didn't you tell me?" Ta rungume ni, mu da ba mu saba da rungume-rungume ba.

Duk da haka ban sakankance ba. Rufa mini asiri a gaban mata daban, haɗa zuri'a da ni kuma daban. Ranar Lahadi na dafa shinkafa da miyar taushe ina kallon agogo, ina jiran wayar da za ta ce an ɗaga. Ƙarfe biyu aka buga ƙofa. Maza suka zauna a falo da waliyyi, da goro da alewa a faranti, mu mata muna kicin an bar ƙofa a buɗe. Na ji kawun yaron yana cewa su ma sun yi nasu binciken kamar yadda aka saba, kuma uwar yaro da kanta ta ce gidan mutunci ne, ba ta da abin cewa. Hajiya tana gefena tana yanka albasa a kan katakona kamar kicin ɗinta ne. Ko ɗagowa ba ta yi ba, sai cewa ta yi wuƙata ba ta da kaifi.

An ɗaura aure bayan Babbar Salla. Yanzu ina da jika, kuma Hausar da ya fara kamawa ta kakarsa ta Ghana ce, ni ma "kai" yake ce mini. Ba na gyara masa. Maganar wasan nan kuwa Hajiya ba ta sake tayar da ita ba ko sau ɗaya, ko da wasa, ita da take tsokanata a kan komai, daga tuwona har tafiyata. Na gode wa Allah, na gode wa matar nan, kuma na san ban biya ta ba.

Washegarin zuwan manyan, ranar Litinin, na shiga jirgi a Barking na zauna. Hannuna da kansa ya tafi jaka ya ciro wayar, babu lemo babu kankana, sai fuskata a gilashi. Jirgin bai kai tasha ta gaba ba ta yi ƙara. Na ɗauka.

"Hajiya, ka samu wurin zama?"

Na ce na samu. Ta shiga ba ni labarin wani mai kawo mata kifi da ya makara, tana buɗe shago ina jin ƙarar ƙofar ƙarfe. Muna cikin magana jirgi ya shiga rami, layin ya yanke. Tun daga ranar, in dai ranar aiki ce, ba ta taɓa fashi ba.