Koriyar Alama da Muryar Inna

A gidanmu na Shagari ba a ajiye iri wuri guda. Da an yi girbi Inna za ta ware geron da ya fi kyawun zangarniya, rabi ya shiga rumbunmu, rabi a kai Lambara wurin ƙanwarta. In gobara ta ci na nan, na can yana nan. Da wannan na tashi, kuma ta nan aka cuce ni.

Inna ta yi jinyar ajalinta a ɗakina, a Bodinga. Ni ba mai fita ba ce, ita kuma ba mai shiru ba, sai muka dace. In jiki ya yi sauƙi da hantsi takan ɗauko waƙoƙin niƙa na zamaninsu, da na rainon da ta yi mana, har da zambon da ta taɓa yi wa wata akuyarmu mai satar dawo. Ni kuwa in ɗauka da wayata. Da wayar ta cika, ƙanin maigidana, wanda ke aikin asibiti, ya kwashe su ya zuba a kwamfutar yayansa.

"Matar yaya, taho ki ga zamani," in ji shi. Ya nuna mini wata 'yar jaka rawaya a fuskar kwamfutar, da koriyar alama a gindinta. "Ba sai kin buɗe wani wuri ba. Nan inda kike duba kayanki, nan ajiyar take. Duk jakar da ke da alamar ga, akwai irinta can cikin intanet."

"Kamar Lambara ke nan?"

"Kamar Lambara. Ke dai koma ga tuwonki mai gudaji."

"Mai gudajin kake suɗe kwano, gwauro."

Muka yi dariya, na share na waya da hannuna.

Bayan rasuwarta na daɗe ban iya saurare ba. Sai da babbar ɗiyata ta haihu, na ce lallai jaririyar nan ta ji rainon kakar uwarta. Na ce wa maigida ya kunna mini.

"Ai na share su," ya ce, hankalinsa kwance. "Kayan jarabawar makaranta ba su da wuri. Kada ki damu, na can suna nan."

Shi malamin firamare ne, ba mugu ba. Da ni ce ma haka zan yi: in kana da iri a Lambara, ka share rumbun gida ka zuba sabon hatsi, mene ne laifi?

Aka kira ƙanin. Ya zauna bakin tabarma yana danne-danne, surutunsa na raguwa. Da na ji bai tsokane ni ba, na san akwai magana.

"Yaya, yaushe ka share?"

"Tun damina."

Ya sauke hula ya riƙe. Ya ce abin kamar madubi yake, abin da aka cire a nan sai ya cire a can. Akwai kwandon shara da ke riƙe abu na ɗan lokaci, amma lokacin ya wuce.

"Ka ce mini Lambara."

"Na ce."

"To ashe in rumbunmu ya ƙone, ƙanwar Inna sai ta ɗebo wuta ta cinna wa nata, don su yi daidai?"

Ban ma ji haushinsa ba kamar yadda na ji na waɗanda suka ƙera abin. Har yau in na tuna raina tafasa yake. Ka kira abu ajiya, ka manna masa koriyar alama kamar shaidar amana, ka sa shi cikin jakar da mutum ya saba da ita don ya saki jiki, sannan ka bi hannunsa ka zubar? Ko mai awo a kasuwar Bodinga, in ka ce juye, takan ce "duka?" Wai kwamfutar ta tambaya da Turanci kafin ta share, in ji ƙanin. Tambayar da ba ta ce maka na can ma zai tafi ba, ai ba tambaya ba ce. Mutuwa ta ɗauki Inna ban yi gardama ba, wannan hukuncin Allah ne. Amma na biyun nan aikin mutane ne.

Ni da ko biki sai an ja ni, na shiga mota zuwa Shagari wurin yayata, in yi kukana. Ta saurara, ta miƙe ta ɗauko ƙaramar wayarta mai ɗaure da roba.

"Wagga fa? Ke kika tura min, don mu yi dariya."

Zambon akuya ne. Shi kaɗai. Ba niƙa, ba raino. Inna na zagin akuya tana tari tana dariya, ana jin ludayina yana bugun tukunya.

Ƙanin maigidana ya zuba shi a memori guda biyu, na tsaya a kansa har ya gama. Ɗaya yana cikin kwallata ƙarƙashin gado. Ɗayan na ƙulle a tsumma na aika Lambara, aka sa shi cikin tulun iri.

Jikata kuwa da zambon akuya ake lallashinta. Tana barci da shi sarai.