Dashen da Ya Ƙi Rabuwa

Gari bai gama wayewa ba na tarar da Mai-igiya tsugune a bakin rumfar renon itatuwa, yana zane a ƙasa da tsinke, yana sharewa da tafin hannu. Tun ina sabon ɗauka aikinsa ke nan. A kawo dashe, ya ƙirga, ya raba shi layi-layi daidai, ya ja igiya, mu kuma mu haƙa ramuka. Bai taɓa barin ragowa ba. Ba shi da surutu, shi ya sa nake zama kusa da shi.

Wannan karon dashen dubu bakwai da ɗari tara da sha tara ne. Ya raba gida biyu, saura ɗaya. Ya gwada uku, ya gwada bakwai, ya yi ta hawa sama, kullum sai an sami ragowa.

Ya miƙo mini igiyar. "Karɓi. Haka mahaifina ya fara. Ƙirga ce ta soma ɓace masa, daga baya mu ma ya daina gane mu. Gara in tafi gida da ƙafata."

Ban iya lallashi ba, ban kuma karɓa ba. Na koma bayan tankin ruwa na kira 'yarsa a waya, wadda ke koyar da lissafi. Ta biyo kafin ta wuce makaranta.

"Baba, lamba ce ta hana ka karyawa?"

"Ba lamba ba ce, kaina ne."

Ta dubi zanen, ta danna wayarta, ta yi dariya. "Kanka ƙalau yake. Akwai lambobin da ba sa rabuwa sai da ɗaya ko da su kansu, kamar bakwai da sha uku. Wannan babbar yayarsu ce."

"Ko ke ba za ki iya raba ta ba?"

"Ko malamin da ya koya mini. Sai dai ka shuka su duka a layi ɗaya."

Ya zauna daɓas a kan buhun taki, ya sauke numfashi, ya daɗe yana kallon zanen.

"Ashe taurin kai gare ta, irin na uwarki."

"Zan gaya mata."

"Ki gaya mata, ta sani."

Da ta tafi ya sake ɗaukar tsinken. Bai jima ba ya ce in aka ƙara ɗaya, layi tamanin da takwas ne, kowanne da itace casa'in. Na ce ba mu da ƙari. Ya zagaya gindin shinge, ya tono wani ɗan tsiro da ya fito da kansa, ya sa shi a leda, ya danne ƙasar da babban yatsa, ya ajiye shi cikin sauran.

A ranar aka mayar da ni wani fili. Daga bayan motar da ta ɗauke ni na hango shi ya kafa turke, yana ja da baya da igiya, yana yi wa masu haƙa faɗa su matsa.