Wata Bakwai Saliha Tana Shaƙar Hayaƙina

Saliha 'yar Fulani ce daga wata ruga a gefen Yana. Mahaifinta makiyayi ne, amma ya kafe sai ta yi boko, duk surutun dangi bai sa ya janye ba. Da ta gama sakandare ta koyi buga takardu da kwamfuta, ta auri Jaji, malamin dabbobi, suka zauna a Azare. Ni ne Bahauddeen, mai shagon buga takardu da gyaran waya inda ta yi aiki shekara uku. Ban taɓa jin ta ɗaga murya ba. In ɗalibi ya kawo aiki, sai ta buga, ta sake karantawa tun daga farko, ta gyara masa har shirmen da shi ya rubuta da hannunsa.

Ni kuwa taba nake sha, ba da wasa ba. Shagon ɗaki ɗaya ne, ba taga, ƙofar gilas kullum a rufe don kada sanyin na'ura ya fita. In na miƙa hannu daga kujerata ina taɓa teburinta. A shekarar da nake ba da labari tana ɗauke da cikin fari, ni ban sani ba. A gidansu mace ba ta faɗin cikin fari ko ga uwar da ta haife ta, balle ga wani ƙato mai gemu irina.

Wata rana da hantsi ta ajiye wayarta a gabana, kanta a sunkuye.

"Malam, wayar nan tana tona asirin mutum."

"Me ta yi miki?"

Da ƙyar ta faɗa. Ta sa wata manhaja ta lissafin kwanakin mata, tun daga nan talla ta hana ta sakat. Jiya yayar mijinta, Kaltum, ta ari wayar, sai ga wata talla ta faɗo a gabanta. Ba ta ce tallar mene ne ba, ni kuma dolo ban tambayi kaina ba.

Ai ta taɓo inda nake so, don duk Azare ba wanda ya kai ni surutu a kan wannan. Na gyara zama na fara wa'azi. Na ce mata manhajar kirki ita ce wadda masu ƙirarta suka bar cikinta a buɗe, duk mai ilimin abin zai iya dubawa ya ga ko tana satar labarin mutane. Na ce ta guji wadda ke neman shiga hotunanta ko sanin inda take, ta riƙe wadda ke aiki ko babu data. Na samo mata irinta, na goge tsohuwar, na koya mata kullewa da lamba.

"Ki sani," na ce, "ba wanda ke da ikon shigar wa mutum rayuwa ba da yardarsa ba."

Ina wannan magana da karan taba a yatsuna, hayaƙin yana tafiya kai tsaye fuskarta. Ta ce ta gode. Duk sanda na tuna sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Watanni suka wuce. Ta koma sa ƙaton hijabi, tana toshe hanci da gefensa. Kafin azahar sai ta fita baranda sau huɗu, ta tsaya cikin rana, ta dawo idonta jajir. Ni na ɗauka lalaci ne ya zo mata. Har na taɓa ce mata a gaban mutane, in aikin ya ishe ta ta faɗa, masu nema suna da yawa. Ta ce, "Yi haƙuri, Malam," ta ci gaba da bugu.

Mabel ce ta farkar da ni, wata ma'aikaciyar jinya da ke kawo mana takardu. Ta shigo, ta kalli Saliha, ta kalli tabata, ta ce in zo waje.

"Malam Bahauddeen, ba ka da ido ne? Yarinyar nan cikinta ya kai wata bakwai, kana turara ta kamar kifi!"

Na jefar da tabar, na take ta. Daga ranar ban ƙara kunna taba a shagon ba, sai dai a bayansa. Amma a wata na takwas Saliha ta haihu, 'ya mace 'yar mitsitsiya, aka sa ta a kwalba mako uku. Tana can aka raɗa mata suna Halimatussa'adiyya. Na tambayi Mabel ko ni ne sanadi. Ta ce Allah ne ya sani, amma ba ta taɓa ganin cikin da hayaƙi ya yi wa amfani ba.

Da aka sallame su na je barka bayan la'asar. Don gabana na faɗuwa, sai da na zuƙi kara ɗaya a bakin layinsu. Jaji ya shimfiɗa mini tabarma a zaure, ya shiga ɗauko jaririya. Saliha ta gaishe ni daga bayan ƙofa.

"Saliha, me ya sa ba ki faɗa mini ba?"

"Malam, da wane bakin?"

Jaji ya dawo da 'yar a naɗe cikin zane, yana fara'a. A nan na gane ko shi ba ta gaya masa zancen hayaƙin ba.

"Kullum tana yabonka, Malam. Ta ce kai ka rufa mata asiri. Karɓe ta, ka tofa mata addu'a."

Na karɓe ta. Ba ta da nauyi ko kaɗan, ƙirjinta yana hawa da sauka da sauri. Jaji ya ɗaga hannuwa yana jira. Na karanta Fatiha har ƙarshe, na kawar da fuskata gefe, na miƙa masa 'yarsa ban tofa ba.